Muciyar Hagu

Iliya ya dawo daga Jugu ranar Laraba da wani guntun zare a aljihu, an ƙulla shi wuri uku. Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya wuce rumfarsa ta sassaƙa da ke bayan ɗaki, ya shiga jujjuya itatuwa yana ƙwanƙwasa su da bayan gizago.

Shekara huɗu ke nan da Faransawa suka sauke tutarsu a Dahome, kasuwar Paraku ta cika da cokulan ƙarfe da kwanonin fenti masu furanni. Amma tuwo bai ji labarin mulkin kai ba, har gobe sai da muciya yake tuƙuwa. Don haka aiki bai yanke wa Iliya ba. A cikin gidansa na unguwar Zongo yake sassaƙa muciya da koshiya da maburgi da akushi, mata su zo har ƙofar gida su zaɓa. Danginsa na Jugu kuwa fataken goro ne tun kaka da kakanni. Shi kaɗai ya bar huhun goro ya kama gizago, kuma har yanzu ba su gama yafe masa ba.

Matarsa Memuna ta biyo shi da kwanon ruwa.

"Maigida, yaya jikin Inna?"

"Baki ya dawo," in ji shi. "Har ta zage ni sau biyu. Ƙafa tana ja kaɗan. Hannun dama ne dai ya tafi, yana nan rataye kamar ba nata ba."

"Allah Sarki."

"Ba shi ne abin ba, Memuna. Yaya Alhaji ya hana ta shiga madafa. Ita kuma ta rantse ba za ta ci tuwon da ba ita ta tuƙa ba a gidanta. Wata biyu ke nan kunu kawai take kurɓa. In kin ga wuyanta sai kin yi kuka."

Memuna ta ajiye kwanon a ƙasa. Ta san surukarta Hajjo. Shekara arba'in matar nan tana tuƙa tuwon gidan, da na fataken da ke sauka a zaure, wani lokaci mutum talatin a rana ɗaya. Yanzu an shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki an ce ta huta.

Iliya ya ciro zaren ya nuna mata. Da zai taho ne, ya durƙusa yin sallama, Hajjo ta miƙo masa hannun hagu ta ce, "Auta, kana yi wa matan Paraku muciya, uwarka fa? Auna wannan." Ya zare zare daga bakin tabarma ya auna. Ƙulli ɗaya daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ɗaya zuwa tafin hannu, na uku kuma zurfin babbar tukunyarta.

To, ita muciya, wanda bai sani ba zai ce sanda ce kawai mai faɗin kai. Amma kowace tana da ɗan karkata a fuska, yadda in hannun dama ya jawo, za ta matse tuwo a jikin tukunya. Iliya ya ce a ransa aikin mai sauƙi ne, a juya karkatar ta koma ɗaya gefen. Ya zaɓi busasshiyar kanya, don ba ta da ɗaci kuma ba ta sakin launi a abinci. Kwana biyu yana kanta. Ya fafe da gizago, ya bi da wuƙa, ya kankare da fasasshiyar kwalba, ya shafe ta da man kaɗe har tana ɗaukar ido.

Ranar ta uku ya kawo wa Memuna a bakin murhu.

"Gwada mini. Da hagu kawai, ki mai da dama baya."

Ta karɓa. Da talge ne, ruwa-ruwa, muciya ta yi ta yawo a tukunya lafiya lau, Iliya har ya fara murmushi. Da ta zuba gari tuwo ya fara kamawa, sai muciya ta tsaya cik. Ta ja, ta ƙi. Ta sake ja da ƙarfi, kan muciyar ya kubce ya bugi haɓarta.

Ta saki, tana shafa haɓa, ta dube shi.

"Maigida, in tambaye ka mana. Ka taɓa tuƙa tuwo?"

"Ni? Haba Memuna."

"Shekara goma kana sassaƙa abin da ba ka taɓa sa shi a tukunya ba. Tuƙi hannu biyu ne. Ɗaya yana sama yana riƙe kai, ɗaya yana ƙasa yana ja. Kai ka yi wa Inna muciyar mai hannu biyu, ka juya mata fuska kawai. Kyau dai ta yi kyau."

Iliya ya dubi tukunya. Sannan ya ce, "Ciro ɗankwalinki."

"Na me?"

"Ɗaure mini hannun dama a baya. Tashi ki ba ni kujerar."

"A tsakar gida? Da rana tsaka? Katangar nan ko kafaɗar mutum ba ta kai ba."

"Ɗaure dai."

Ta ɗaure. Ya zauna a 'yar kujerar mata, gwiwoyinsa har kusa da kunne. Ta nuna masa ƙarafa biyu masu ƙugiya da ake saƙala wa kunnuwan tukunya a taka da ƙafa don kada ta gudu. Ya taka, ya kama muciya da hagu, hayaƙi ya cika masa ido.

Ba a yi nisa ba sai ga kan Jatau, maƙwabcinsu mai gyaran keke, ya leƙo ta katanga. Ya ƙare masa kallo, sannan ya tafa hannu.

"Sannu da aiki, Madam Iliya! Ashe yau ke ce da girki?"

"Yauwa, Jatau. Sannu."

"Memuna, me ya yi miki kika ɗaure shi? Faɗa mini don in kiyaye, kada tawa ta ji."

Memuna ta shige ɗaki don kunya. Iliya bai ɗaga kai ba. Tuwon ranar ya ƙone ta ƙasa, sama kuma ɗanye, awaki ne suka ci rabinsa.

Kafin Juma'a labari ya gama Zongo, har ya tsallaka unguwar Albarika. A ƙofar masallaci wani ya tambaye shi ko miyar kuka ya fi iyawa ko ta kuɓewa. Wani dattijo ya ja shi gefe ya ce masa a hankali, in wani abu ne aka yi masa a gida, akwai malamin da ke karya irin wannan. Iliya ya yi godiya, ya sa takalminsa, ya koma gida ya ce a ɗora ruwa.

Kwana shida yana haka. Kullum Jatau yana kan katanga, wata rana har da baƙi ya gayyato. A rana ta huɗu, da Memuna ta kwance masa hannu ya tuɓe riga, ta ga gaban kafaɗarsa ta hagu ya yi baƙi ya kumbura.

"Me ya same ka nan?"

Ya taɓa wurin. Shi kansa bai lura ba. Ashe duk lokacin da tuwo ya yi tauri, jikinsa da kansa yake kai kan muciyar ya tokare da kafaɗa, kafaɗar ta zama hannun sama, hagu ta ja daga ƙasa. Sai dai kan yana zamewa, yana kuma cin nama.

"Gwafa take so," in ji shi. "Doguwar muciya mai gwafa a kai, ta zauna a kafaɗa ta rungume ta."

Amma gwafa ba a sassaƙa ta daga miƙaƙƙen itace. In ka tsaga kai biyu, ranar da aka danna da ƙarfi tsagar za ta bi jikin itacen har ƙasa. Sai dai wadda Allah ya tsiro da ita haka, reshe biyu daga gindi ɗaya. In kuma ya shiga daji ya saro ɗanya, sai ta yi wata huɗu a inuwa kafin ta bushe, in ba haka ba ta fashe a tukunya. Hajjo ba ta da wata huɗu.

Ya zauna a rumfa yana tunani, ya jingina da ginshiƙi. Can ya ɗaga kai. Ginshiƙin da ya jingina da shi, wanda ke riƙe da tsakiyar rumfar, gwafar kanya ce, shi ya kafa ta da hannunsa shekara biyar da suka wuce.

Ya tashi ya ɗauko magirbi ya fara tono.

"Maigida! Rumfar fa?"

"Ta jira."

Da ya zare gwafar, rufin ya sunkuyo ta tsakiya, zana ta zubo da tsohuwar ciyawa a kan akusan da bai gama ba. Jatau ya leƙo ya ce, "Shi ke nan, yanzu kuma gida yake rushewa." Iliya ya ja gwafar tsakar gida ya zauna a rana.

Ya yanke gindin da gara ta taɓa. Ya rage kauri da gatari, yana bi a hankali kada ya shiga zuciyar itacen. Ya buɗe bakin gwafar ya faɗaɗa cikinta, ya goge har ta yi santsi kamar cikin ƙwarya, don fatar tsohuwa ba irin tasa ba ce. Ya shimfiɗa zaren a jikinta, inda ƙulli na biyu ya faɗa ya yi ɗan wuya inda tafin hannu zai kama. Ɓangaren da ke shiga tukunya kuwa bai yi shi da faɗi sosai ba, don kada ya ɗebo tuwon da ya fi ƙarfinta.

Da ya gwada, tuwo ya juya. A hankali, amma ya juya. Memuna ta ɗanɗana ta ce, "Wannan mutum zai iya ci."

Washegari da safe ya naɗe ta a tabarma ya hau kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa Jugu. Wata mata da ke kusa da shi ta ga bakin gwafar ya leƙo, ta ce Allah ya ba gurgun lafiya. Ya ce amin.

Hantsi ya yi sosai da ya isa. Yayansa, Alhaji Abduljalil, yana zaure cikin babbar riga, ya buɗe huhun goro yana tsince waɗanda suka fara lalacewa, yana yayyafa wa ganyen ruwa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda babu ɗumi a cikinta.

"Me ke cikin tabarma?"

"Saƙon Inna ne, Yaya."

"Buɗe."

Ya buɗe. Alhaji ya dubi abin daga kai har gindi.

"Labarinka ya riga ka zuwa. An ce ka ɗaura zane a Paraku."

"Zane ban ɗaura ba. Hannu na ɗaure."

"Bai ishe ka ba ka bar sana'ar ubanka ka kama ta masu itace, sai ka haɗa da ta mata. Yanzu kuma ka kawo mana nan. Gidan nan baƙi suna sauka, malamai suna cin abinci. In ce musu me? Ga tuwon da aka tuƙa da hagu?"

"Na tambayi malamin unguwarmu. Ya ce mai larura babu laifi a kansa."

"Sa sufi, ya isa haka! Ni za ka karanta wa?" Alhaji ya jefa goron da ke hannunsa cikin huhu. Sannan muryarsa ta sauka. "Kai ba ka nan ranar da ta faɗi. A bakin murhu ta faɗi, Iliya. Ni na ɗauke ta, gefen zanenta yana ci da wuta. Da tafin hannuna na kashe. Kana can kana sassaƙa cokali."

Iliya ya sunkuyar da kai. Wannan bai sani ba, babu wanda ya faɗa masa. Ya ji nauyin maganar.

"Allah ya saka maka, Yaya," ya ce daga baya. "Amma ka dube ta yanzu. Zoben azurfarta da ya ƙi fita shekara ashirin, da kansa yake faɗowa. Ka tsare ta daga wuta, ga ta tana ƙarewa a kan tabarma."

"Za ta gaji ta ci."

"Innarmu? Yaushe ka taɓa ganin ta gaji?"

"Ba za ka wuce da abin nan ba. Naɗe shi ka koma da shi."

Iliya bai naɗe ba, bai kuma matsa ba. Ya tsaya riƙe da muciyar a tsaye kamar mashi, shi da yayansa suna kallon juna.

Sai aka ji jan ƙafa ta ƙofar cikin gida. Hajjo ce, ta dafo bango tun daga ɗakinta, tana haki, ɗankwalinta ya karkace. Ba ta kiran sunan ɗan farinta, don haka ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "Kai mai goro, matsa. Auta, ba ni kayana."

"Inna, don Allah..." in ji Alhaji.

"Da ni da kai wa ya riga wani shiga gidan nan?"

Ta karɓi muciyar, ta juya ɓangaren da ke shiga tukunya sama don kada ya taɓa ƙasa, ta dogara da ita ta koma ciki. Iliya ya bi ta. Rahmatu, matar Alhaji, tana tsaye a ƙofar madafa ta rasa inda za ta sa kanta.

"Hura wuta, 'yar nan," in ji Hajjo. "Ba ke kika ƙi maganar mijinki ba, ni na sa ki. In ya yi faɗa ki turo shi wurina. Ƙaramar tukunya za ki ɗora, ba ni da haukan da suke zato."

Rahmatu ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta wanke muciyar. Hajjo ta sa aka tattare mata zane aka soke shi sosai a gwiwa, nesa da bakin murhu. Ta zauna a kujerarta, ta ɗora gwafar a kafaɗa, ta kama. Ta saki.

"Ta yi kauri. Hannun wa ka auna, na jaki?"

Ashe tafin hannunta ya ƙara ramewa tun ranar da ya auna. Iliya ya ciro wuƙa daga aljihu, ya durƙusa nan tsakar gidan fataken goro ya shiga fiƙewa, sassaƙe yana zuba a daɓe. Sau uku tana gwadawa tana mayar masa. A na huɗu ta ce, "To."

Talge ya tafasa. Rahmatu ta riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan, Hajjo tana juyawa. Tuwo ya fara kamawa. Ta tokare da kafaɗa, ta ja. Ya juya. Ta sake ja, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, gumi ya keto mata. Sai dai ƙafar dama ba ta da ƙarfin danne ƙarfenta. Duk jan da ta yi, tukunyar sai ta ɗan gusa. Iliya ya yunƙura zai taka mata.

"Tsaya can," in ji ta. "Gobe kana Paraku."

Ta sake ja. Ƙarfen ya kubce daga ƙarƙashin ƙafarta, tukunya ta karkata, Rahmatu ta yi salati.

Alhaji Abduljalil, wanda tun ɗazu yake tsaye a bakin zaure ya harɗe hannu, bai san lokacin da ya tsallako tsakar gida ba. Ya tattare babbar riga, ya sa ƙafa ya danne ƙarfen. Tukunya ta koma mazauninta.

Wuta tana ƙara, tuwo yana huci.

"Ba wai na yarda ba ne," in ji shi.

"Ban tambaye ka ba. Danna sosai."

Ya danna. Haka suka tsaya, babban ɗan kasuwar goro da ƙafa ɗaya a bakin murhu, hayaƙi yana shiga rigarsa, uwarsa tana tuƙi tana hutawa, tana tuƙi tana hutawa. Abin da a da take gamawa kafin a karanta Fatiha uku, yau ya kai ta kusan azahar. Da ta gama ta sa aka rufe ya turara, ta jingina da bango, idonta a rufe.

Rahmatu ta kwashe. Hajjo ta ce a fara zuba mata. Ta wanke hannun hagu, ta yi bisimilla, ta gutsura ta dangwali miya ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Ta ci loma ta biyu, ta uku, har ta kai bakwai, Iliya yana ƙirgawa a zuci.

Aka miƙa wa 'yan'uwan biyu akushi ɗaya. Alhaji ya dubi tuwon, ya dubi ƙofar zaure ko wani baƙo yana kallo, sannan ya zauna ya sa hannu.

"Da gudaji," ya ce.

"Da gudaji," in ji Hajjo. "Hannun bai saba ba."

"Yau kaɗai ne, Inna. Ni jibi ina da tafiya, wa zai taka miki ƙarfe?"

"Zan kafa turke a gefen murhu kafin in tafi," in ji Iliya. "A saƙala ƙarfen a jikinsa, ba sai an taka ba."

"Ba da kai nake ba."

Hajjo ta lashe yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta juya wajen surukarta.

"Rahmatu, jiƙa dawa tun yanzu a kai niƙa. Na gobe na dawa ne."